Abin da Ya Raba Ni da Mayafina a Kwatano

Wata tara ke nan da dawowata daga Kwatano, kuma wata tara ana yi mini tambaya ɗaya. A gidan suna a tambaye ni, a gidan gaisuwa a tambaye ni, har a wurin niƙa. Masu kunya su ce, Inna Kande yaya ƙasar mutane. Marasa kunya su zaro waya su nuna mini hoton nan da duk Tudun Wada ta gani: ni tsaye a tsakiyar baƙin mutane maza da mata, daga ni sai riga da zane da ɗankwali, ba mayafi. Ni da nake tare 'yan mata a bakin layi ina gyara musu lulluɓi. Kowa ya tambaya sai in ce lafiya na je, lafiya na dawo. Ba baki na rasa ba. Maganar ba tawa ce ni kaɗai ba, kuma sai makon jiya mai ita ta ba ni izini. Ni ban yi boko ba, 'yata Zainabu da ke koyarwa a Hanwa ita ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Kowa ya san aikinmu na leda. Tun daminar da ledar ruwa ta toshe lambatun layinmu har ruwa ya kayar da katangar gida biyu, na tara matan layi. Mu tsince ledar, mu wanke, mu shanya, mu yanka, mu saƙa jaka da tabarma da igiya. Ana haka Jummai ta zo ta ce za ta ɗauke mu a fim. Sunanta na yanka Ijeoma, 'yar Oga mai shagon kayan gini a bakin titi ce. A nan aka haife ta ran Juma'a, a bayan nan nawa na goya ta lokacin da uwarta ke tsaron shago. Ta yi karatun lauya a jami'a, nan Kongo ta Zariya, ta ajiye takardar ta ɗauki kyamara, ban san dalili ba har gobe. Na yarda don mace ce, kuma da sharaɗi. Gida gida na bi na gaya wa mazajen matan da bakina cewa fuskata kaɗai za a nuna, ni tsohuwa. Sauran sai hannuwa.

Lokacin ɗaukar, Balaraba, ɗaya daga cikin matan da muke aikin tare, tana takaba. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu a sashen gidan gadonsu. Yayan mijin, Alhaji na Dutsen Abba, ya riga ya fara cewa zai kwashe yaran ya raba wa dangi, wai ba ta kula da ƙaninsa ba yana jinya, tana can wurin tsintar leda. Ƙarya ce, a gabana ta yi jinyar nan har ta rame. Tunda ba ta fita, sai muka mai da aikin tsakar gidanta don kada kaɗaici ya cinye ta. Wata rana muna wanki akuyar maƙwabta ta shigo ta suri igiyar da na kwana uku ina tufkawa. Na bi ta, santsin ruwan sabulu ya kwashe ni, na zauna daram cikin baho. Balaraba, wadda tun ranar rasuwar ba a ga haƙorinta ba, ta tuntsire da dariya har kallabinta ya zame. Ni ina cikin baho, ban lura kyamara na kanta ba.

Bayan watanni Jummai ta zo da murna, wai an zaɓi fim ɗin a wani taron nuna finafinan gaskiya a Kwatano, na masu hawa duwatsu da masu kare daji da ruwa da masu gwagwarmayar gyara unguwanninsu, kuma an gayyace ni. Na ce ba inda za ni. Don ta kwaɗaita mini sai ta buɗe kwamfuta ta nuna mini. Ina kallo akuya ta shigo, na faɗa baho, sai ga fuskar Balaraba ta cika gilashin, cikin zanen takaba, kai a buɗe, tana ƙyalƙyala dariya. Na ce ta tsayar. Na ce mata idan wannan ya shiga waya ɗaya a Zariya, kafin magariba yana hannun Alhaji, kuma ba ya bukatar wata hujja bayan matar da ke dariya cikin takabar ƙaninsa. Ta yi ta lallashina wai nan ne zuciyar fim ɗin. Na ce to a cire zuciyar. Kwana biyu ta dawo da sabo, ba akuya, ba baho, ba dariya, na kalla daga farko har ƙarshe. Sai da ta tashi tafiya ta ce tsohon ya riga ya isa Kwatano, amma in mun je za ta musanya. Nan take na ce a yi mini fasfo.

Doguwar bas muka shiga zuwa Ikko, irin wadda 'yan kasuwar kudu ke hawa, kaya a ƙarƙashi, kaya a tsakanin kujeru, kaya a kan cinyar mutum. Na tafi da butata, da ƙullin yaji, da daddawa, da garin kuka, da jakunkunan leda da za a baje a can. Jummai ta ce ai otal za a sauke mu, ba a bukatar buta. Na cusa abata cikin kaya.

Ba mu wuce Kaduna ba wani mutum mai kwat ya miƙe ya yi addu'a da Turanci, na ɗauka malaminsu ne, na sunkuyar da kai don girmamawa. Yana gamawa ya buɗe jaka ya fara tallar maganin basir. Maganin nan ɗaya, kafin Abuja ya zama na ciwon haƙori, kafin Lokoja ya zama na rashin haihuwa. La'asar ta yi, direba bai nuna alamar tsayawa ba. Maza huɗu Musulmi a motar suna ta gunaguni ƙasa ƙasa, ba wanda ya tashi. Na taka kan buhuna har gaba, na tsaya a bayan kujerarsa da buta a hannu. Ya dube ni ta madubi sau uku, ya gangara gefen titi. Matar da ke kusa da ni, mai sayar da busasshen kifi, ta ba ni ayaba ta ce ita ma tun ɗazu fitsari ya matse ta. Kwana da wuni muka yi a motar nan. Na sauka a Ikko ƙafafuna kamar turame. Game da Ikko ba abin da zan ce, sai dai ban ga mutum ɗaya da ke tafiya kamar yana da gidan komawa ba.

Daga nan ƙaramar mota ta kai mu iyaka. Tun a hanya Jummai ke koya mini cewa in an tambaye ni ranar haihuwa in ce ɗaya ga watan ɗaya, haka aka rubuta a fasfo. Na ce wa ya gaya musu? Ni dai uwata ta ce da kaka aka haife ni, shekarar da fara ta cinye dawa. Da jami'in ya tambaya, abin da na gaya masa ke nan. Ya dubi fasfo, ya dube ni, ya kira abokinsa, aka sa na maimaita. Jummai ta yi ta zuba Turanci tana zufa. Daga ƙarshe ya buga hatimi yana girgiza kai, na dangwala yatsa.

A ɗaya ɓangaren kuma Faransanci ya karɓe. Wata jami'a ta buɗe kayana, ta ci karo da ƙullin yaji. Na ɗaga hannu in hana ta, ta ɗauka wani abin nake ɓoyewa, ta kwance ta kai hanci. Atishawar da matar nan ta yi ban ƙirga ba. Da ta farfaɗo ta ga jakunkunan, ta juya ɗaya ta ga rubutun ledar ruwa a jikin saƙar, ta kira 'yan uwanta mata. Rabin awa muka ƙara a wurin suna rataya jaka suna duba kansu a gilashin taga. Na bar mata ɗaya saboda hancinta.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk riga mai ruwan ɗorawa, kuma mata ma tuƙa nasu suke, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai kallonsu. Fetur a manyan kwalabe a bakin titi kamar man gyaɗa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa sai mai cikakken haƙori.

Otal ɗin ba mabuɗi, kati ake gogawa. Na fita zubar da ruwa ƙofa ta rufe kanta, na tsaya a waje da ƙafa ba takalmi har Jummai ta dawo. Banɗaki kuwa fari ƙal, da madubi, da tawul huɗu, da sabulu kala uku, amma babu buta. Na ɗauko tawa na ajiye a tsakiyar ɗaki inda za ta gani. Gabas ma ba wanda ya sani a gidan, sai da Hajiya Rabi ta zo. Ita ce tafintar da aka haɗa ni da ita, Bahaushiyar Zongon Kwatano, kakanta fatake ne daga Katsina. Hausarta ta ɗan karkace, tana jefa Faransanci a ciki, amma mace ce mai hankali. Ita ta nuna mini alƙibla, kuma ita ta cece ni daga yunwa.

Don abincin taron nan, wai saboda tausayin duniya ba a cin nama. Aka kawo mini ɗanyen ganye da ɗanyen karas da wasu 'ya'yan itatuwa a bisa, ba a nuna musu wuta ba. Na tambayi Hajiya ko miyar na tafe. Ta ce ai shi ke nan. Na zuba yaji na ci don kada a ce na raina, washegari ta zo mini da tuwon masara a kwano, na ba ta kuka da daddawa ta yi mana miya a gidanta. Leda kuma an hana shiga da ita harabar, wannan na yaba. Sai dai ruwan da ake zuba mana a kofin ƙwarya, na zagaya baya neman wurin alwala na tarar daga robobi ake juye shi, ga tulinsu nan an lulluɓe da tamfol. Na gaya wa Hajiya ta fassara wa masu wurin. Ta ce in bari sai mun kusa tafiya.

A ƙofar shiga aka rataya mini kati a wuya da igiya kamar ragon da aka saya. Nan Madam mai taron ta tarye mu, doguwar mace mai farin gashi a aske. Ta rungume ni ba ta tambaya ba. Sannan ta yi wata magana, ta kwaikwayi dariya, ta dafa ƙirji ta lumshe ido. Hajiya ta ce cewa take, ina matar nan mai dariya, don ita suka zaɓi fim ɗin, duk wanda ya gani a cikinsu sai da ya yi hawaye. Na juya na dubi Jummai. Tana duban takalminta.

Da muka keɓe na tambaye ta ko ta musanya. Ta ce za ta yi. Da yamma na sake tambaya, ta ce ta yi, an gama. Amma yarinyar da na goya ce. Tun tana ƙarama in ta yi ɓarna ba ta iya cin abinci. Dogon burodin nan da ta yi ta yabo tun daga iyaka, da safe ta gutsura sau ɗaya ta ajiye.

Namu sai rana ta uku, don haka kwana biyu na yi ina kallon na mutane. Da rana tsaka za a rufe tagogi a kashe fitila, a kunna sanyi kamar ana ajiye kifi. Na farko wani Bature ne ke hawan dutsen ƙanƙara da igiya. Ya sha wuya, yatsunsa biyu suka lalace, ya kai ƙololuwa, ya ɗaga hannu, ya sauko. Na tambayi Hajiya me ya je ɗaukowa. Ta ce ba komai. Na ce uwarsa na da rai? Ashe mutumin yana zaune a gabanmu, ya ji an yi magana ya nemi a fassara masa. Hajiya ta fassara. Ya ce tana da rai, kuma ita ma abin da take tambayarsa ke nan. Na ce ya gaishe ta, ya ce mata wata a Zariya tana taya ta haƙuri.

Akwai wata da ta tuƙa kwalekwale ita kaɗai a teku wata biyu tana kuka tana magana da kyamara, ba wanda ya aike ta. Akwai masu ɗaure kansu a jikin bishiya don kada a sare, waɗannan na gane musu. Bayan kowane fim sai a kunna fitila a yi ta tafi, sannan a ba mutane abin magana su yi tambaya. Ba wanda ke tambaya. Kowa sai ya ba da labarin kansa tukuna. Ɗaya ne ya sa na yi shiru: na masuntan wani ƙauye da aka gina a kan ruwa kusa da garin. Tsoho ya jawo koma da shi da 'ya'yansa, da ƙyar, suka zazzage, kifi bai cika kwano ba, sauran duk ledar ruwa. Irin tamu sak. Ban taɓa tunanin inda take ƙarewa ba in ta wuce layinmu.

Amma ni ba kallo ya kai ni ba. Ido ɗaya na kan farin allon, ɗaya na kan inda hasken ke fitowa. Ina yarinya ana kawo majigi fili, kuma na san in wani ya gitta gabansa inuwarsa ke rufe hoton. Nasu ɗan ƙarami ne, a kan tebur a tsakiyar ɗakin, tsakanin layin kujeru, wani mutum mai kitso a kai yana kula da shi. Sau biyu na ga wani ya wuce gabansa allon ya yi duhu. Na ce to, abin bai canza ba. Na kuma lura mutanen nan ba su iya kallo da ido kawai. Da abu ya yi musu daɗi sai wayoyi su tashi sama.

Ran namu, bayan azahar, ɗakin ya cika. An ajiye mini kujera a gaba da sunana a jiki. Na ce wa Hajiya wuyana ba ya son gaba, ta kai ni kusa da majigin. Madam ta zo da kanta tana roƙo, na zauna abina. Jummai tana can gaba, ba ta waiwayo ba.

Aka fara. Ga lambatunmu, ga katangar da ta faɗi, ga ni ina faɗa da mai shagon da ke zuba shara. Ga hannuwan matanmu suna saƙa, na gane kowane hannu. Har na fara sakin jiki, na ce ko na zalunci yarinyar nan da zato. Sai ga akuya ta leƙo ta ƙofar Balaraba.

Na miƙe. A allo ina bin akuya, ɗaki ya ɗauki dariya, wayoyi suka tashi sama. Na sa tafin hannu a bakin majigin, hasken ya ɓulla ta tsakanin yatsuna, ana ganin rabin hoton. Jakata tana can wurin baje koli, ba ni da abin rufewa. Ga ni can na zauna cikin baho, saura ƙiris. Tun da aka kai ni ɗakin miji ban taɓa tsayawa gaban maza ba mayafi ba. Na cire shi na ninka biyu na kifa a kan majigin na danne da hannu biyu.

Allo ya yi baƙi. Mai kitson ya zabura ya kama gefen mayafin. Na dube shi. Ba mu da yare ɗaya da shi, amma ya saki. A cikin duhun nan muryar Balaraba ta cika ɗakin, tana dariya, tana dariya, har ta koma shessheka. Ni kaina ban san a ƙarshe kuka ta yi ba, ranar ina fama da baho, a kwamfuta kuma ban bari an kai wurin ba. Wani ya ruɗe ya kunna fitila. Wayoyin da aka ɗaga don allo suka juyo kaina. Hoton da kuka gani ke nan. Hannuna na jin zafin ƙarfen, ina jin ƙauri, ban ɗaga ba sai da na ji muryata a fim ina cewa a kawo wani ruwan. Sannan na yaye, na yafa abina, na zauna.

Da aka gama na shirya jin faɗa. Sai tafi. Har da miƙewa tsaye. Wani mai gemu ya karɓi abin magana ya yi dogon bayani, Hajiya ta ce wai na tayar da babbar tambaya a kan haƙƙin wanda ake ɗauka. Ni ban tayar da komai ba, rufe abu na yi. Wata ta tambaya dariyar wace ce.

"Ta matar da ba ta ba ku ita ba," na ce. "Hannunta ta ba ku, kun gani. Ki fassara daidai, Hajiya, kada ki sa mata suga."

Abin da ya fi ƙona mini rai, Madam ta biyo ni waje idonta jajir, ta riƙe hannuna ta ce za a sake nunawa gobe, ko zan yarda in sake yin haka, a daidai wurin. Na ce wa Hajiya ta tambaye ta ko ta ɗauka rawa na yi. Sannan na ce tunda mun kusa tafiya, a gaya mata maganar robobin da ke ƙarƙashin tamfol.

Jummai ba ta zo inda nake ba sai washegari da hantsi. Hajiya ta kai ni in ga teku, ina zaune nesa da shi don ban yarda da ruwan da ba ya zama wuri ɗaya ba. Ta zo ta durƙusa a yashi.

"Inna, sabon yana cikin jakata tun daga Zariya. Ban ba su ba."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika bar burodi."

Ta yi kuka. Ta ce duk fim ɗin da ake yi a kan matan arewa wahala ake nunawa, ita sau ɗaya ta samu ta kama farin ciki na gaske, kuma da Madam ta yaba sai ta kasa. Ta ce ta yi tunanin Kwatano da nisa. Na ce mata da nisa a mota. Na ce ni ma na ji dariyar, na san tana da kyau, amma ba tata ba ce ba tawa ba, kuma 'ya'ya huɗu ke rataye a jikinta. Na ce ubanta shekara nawa yana ciniki a layinmu ba a taɓa kama shi da magana biyu ba, ta je ta yi tunani.

A ranar muka je wurin mai kitson nan na majigi aka goge tsohon daga na'urarsu. Tunda ban iya karatu ba, na sa Hajiya ta tsaya tana karanta mini abin da ke fitowa, har ya nuna babu. Na sa Jummai ta goge na kwamfutarta. Guda ɗaya na ce a bari, a ɗan abin nan kamar yatsa da suke kira filashi, na ƙulle shi a bakin zanena. Da yamma aka nuna sabon. An yi tafi daidai misali, ba wanda ya mutu don rashin akuya.

Hoton ya riga ni isowa gida, ta hannun masu zuwa sayen motoci. Kun san abin da kuka faɗa, ni ma na sani, don duk ya dawo kunnena. Magidanta uku suka hana matansu zuwa aiki. Alhaji da kansa ya ce a ga irin shugabar da matar ƙaninsa ke bi. Na gaya wa Balaraba gaskiya ita kaɗai. Sau biyu tana cewa za ta fito ta faɗa don a daina zagina, na ce in ta buɗe baki ba ni ba ita. Jummai kuwa wata uku ba ta tako gidana ba, ran da ta zo na zuba mata tuwo, ta cinye. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Makon jiya aka raba gado. Malamai suka zauna, sashen ya faɗa rabon yaran, dattawan gidan suka ce uwarsu ta zauna da su, aka rubuta, Alhaji ya sa hannu. Washegari na kira Balaraba, na kwance bakin zanena. Zainabu ta kunna mata kwamfuta a ƙuryar ɗakina ta fito, ni kuma na zauna a bakin ƙofa na ba su baya. Na ji akuya, na ji baho. Sannan na ji dariyar nan sau biyu a tare, ɗaya daga na'ura, ɗaya daga mai ita. Ta daɗe kafin ta fito tana share ido.

"Inna, ashe haka kika zauna a bahon nan?"

"Abin da kika gani ke nan duk a ciki?"

"Na ga kaina ma," ta ce. Ta kama gefen mayafina, inda zafin majigin ya bar tabo zagaye kamar gindin kofi, ta daɗe tana dubawa. "Ki gaya musu, Inna."

To na gaya muku. Mayafin shi ne wannan da nake yawo da shi, mai son ganin tabon ya zo ya gani. Hoton kuma ku riƙe abinku, ban roƙi kowa ya goge ba. Na yi wa mazajen layin nan alkawari fuskata kaɗai za a gani, kuma ita kaɗai aka gani. Ku ukun da kuka janye matanku kun san kanku. Damina ta kusa, lambatu ya fara cika, ran Litinin bayan azahar muna tsakar gidan Balaraba. A turo mini su da almakashinsu.